Yadda ake saita madubin bindiga ya fito garau, kuros ya daina yawo a kan taget

Akwai wani ƙanina da ya kusa sayar da madubin bindigarsa a banza a wofi, wai jabu aka sayar masa. Bindigar iska ce da shi, irin mai cin ƙwaya milimita 4.5 ɗin nan, da lasisinsa da komai, mukan je gonar kawunmu ta wajen Maraban Jos muna harbin kwali a gindin wani tudun jar ƙasa. Sai ya harba biyar, uku su haɗu waje guda biyu su tafi yawon duniya, ya sake harba biyar su koma wani gefen, ya murɗa saitin sama ya murɗa na gefe har ya rasa inda ya faro. Ya zagi ƙwaya, ya zagi iska, ya zagi wanda ya sayar masa. Ranar akwai wani dattijo tsohon soja maƙwabcin gonar, ya daɗe a Jaji kafin ya yi ritaya, yana zaune yana kallonmu bai ce uffan ba sai da abin ya ishe shi ya ce "Yaro, ɗora ta kan buhun nan ka cire hannunka." Ya ɗora. "To leƙa, kar kumatunka ya taɓa ta, ka riƙa kaɗa kai kamar ƙadangare." Ƙanin nawa ya leƙa ya kaɗa kai yana kallon kuros, wato siraran layukan nan biyu da suka gitta juna a cikin madubi waɗanda ake ɗorawa kan abin da za a harba, sai na ji ya ce "Baba, kuros ɗin tafiya yake fa, kuma wallahi ban taɓa bindigar ba." Baba ya ce to ka ga ɓarawon naka kenan.

Wannan tafiyar da kuros yake yi shi kaɗai ita turawa ke kira faralaks, kuma ba aljanu bane, kowa ya taɓa ganinta ko da bai san sunanta ba. In ka taɓa zama gidan gaba a motar haya daga Kawo zuwa Zariya ka leƙa allurar gudu daga kujerarka, za ka ga kamar 110 take nunawa alhali direba da ke kallonta kai tsaye 120 yake gani, saboda allurar ba a manne take da lambobin ba, akwai ɗan rata a tsakani, don haka inda ka tsaya kana kallo shi ke yanke abin da za ka gani. Ko ka miƙa babban yatsanka ka rufe wani abu a jikin bango, ka rufe idon dama ka buɗe na hagu, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Haka abin yake a cikin madubi. Gilashin gaba yana ɗauko hoton taget ya ajiye shi a wani waje a cikin bututun, shi kuma kuros yana zaune a nasa wajen ba ya motsi. In hoton ya sauka daidai kan kuros shikenan sun zama abu guda, ko ta ina ka leƙo wuri ɗaya za ka gani. In kuwa hoton ya sauka gaban kuros ko bayansa ko da kaɗan ne, to ratan nan na allurar mota ya samu, duk sanda idonka ya goce daga tsakiya kuros zai nuna maka wani wuri daban da wanda bakin bindiga ke kallo.

Kafin mu taɓa komai bari in faɗi abin da ba na so a tsallake, don Kaduna muke. A dokar bindigogi ta 1959 hatta bindigar iska tana cikin jerin masu buƙatar lasisi, daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, bindigar toka ta mafarauta kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wannan bayanin na mai lasisi ne da mai wasan harbi da ma'aikacin da aka danƙa wa bindiga bisa ƙa'ida. Sannan duk abin da zan faɗa babu inda ake buƙatar harsashi a ciki, ka cire magazin, ka buɗe ka duba da idonka ka sake dubawa, yatsa nesa da kunama, bakinta yana kallon tudu ko bangon da ka san babu kowa bayansa. Kuma don Allah kar wani ya hau saman bene a Tudun Wada ko Rigasa da bindiga a kafaɗa wai yana neman sararin sama zai saita madubi, a halin da ake ciki kafin ka gama bayani an tara maka jama'a. Rabin aikin ma ana iya yinsa da madubin a hannu ba tare da bindigar ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne abu biyu ne ake murɗawa a ga hoto ya canza, sai a ɗauka aikinsu ɗaya. Na farko zoben baya, wanda ke kusa da idonka, galibi za ka ga alamar + da - a jikinsa. Wannan na idonka ne kawai, tamkar gilashin da likitan ido ke rubuta maka, aikinsa ya fito maka da kuros ɗin baƙi wuluk siriri, babu ruwansa da taget ko nisa. Na biyu shi ne na nisa, a wasu madubai wani ɗan nob ne a gefen hagu, a wasu kuma zoben gaba ne gaba ɗaya yake juyawa, za ka ga lambobi 10, 15, 25, 50, 100, 200 har zuwa wata alama kamar takwas a kwance wadda ke nufin nisa marar iyaka. Shi wannan ne ke matso da hoton taget ya zaunar da shi kan kuros. Na baya sau ɗaya ake saita shi a manta da shi, na nisa kuwa duk sanda nisan ya canza sai an taɓa shi. Ƙanin nawa da na bayan yake ta fokas ɗin kwalinsa, wato ya ɗauki maganin ido yana shafa wa ƙafa.

To a fara da na baya, kuma dole shi ne farko, in aka juya tsarin an yi aikin baban giwa. Ka kai zum ƙarshe, wato zoben da ke ƙara girman hoto, in mai ninkawa sau 3 zuwa 9 ne ka kai 9, nob ɗin nisa kuma ka kai shi kan takwas a kwance. Ka nemi abu fili wanda ido ba zai samu abin kamawa ba, farin bango ko sararin sama ta ɓangaren da babu rana. Rana kam ko da wasa kar ka leƙe ta ta madubi, gilashin tattara haskenta yake, yadda yara ke ƙona takarda da gilashi haka zai yi wa ƙwayar idonka kuma babu gyara. Lokacin hunturu sama kan yi fari fat da hazo, to wannan ma ya fi komai daɗin aikin. Ni nakan saka farar takarda ko farin hankici a gaban madubin in fuskanci taga, ya wadatar.

Yanzu ka warware zoben baya, wato ka juya shi hagu yana fitowa waje, har kuros ya yi biji-biji sosai. Kar dai ka yi ta warwarewa har ya fita a hannunka, akwai iskar naitirojin da aka ɗura a ciki don kar gilashi ya yi gumi, in ta fita ta fita kenan, damina na zuwa za ka ga raɓa a ciki. Daga nan sai ka fara mayar da shi ciki rabin juyi rabin juyi. Amma ga inda sirrin yake, kar ka zura wa kuros ido kana murɗawa. Idon ɗan Adam mai neman sulhu ne, ka ba shi daƙiƙa biyu uku zai matse kansa ya gyara hoton da bai gyaru ba, sai ka ce ai ya yi, alhali tsokar idonka ce ke ɗauke da nauyin, bayan minti ashirin kana harbi sai ka ji ido na yaji, kai na sarawa, kuros yana ɓacewa yana dawowa. Abin da ake yi shi ne ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa da idonka kawai, bishiya ko hasumiyar masallaci can nesa, ka bar idon ya saki jiki, sannan ka leƙa madubi kamar ƙiftawa ɗaya ka ɗauke kai. Abin da ka gani a leƙen farkon nan shi ne gaskiya. In bai yi tar ba ka ƙara rabin juyi ba tare da kana kallo ba, ka sake kallon nesa, ka sake leƙawa. Haka za ka yi ta yi har ka zo inda da leƙawa kuros yake tsaye garau babu jira. Za ka lura akwai ɗan fili da yake garau ɗin, ba ɗigo guda bane, to ka tsaya a farkon inda ya fara yin kyau kana shigowa daga waje, kar ka zarce ciki, don cikin nan ne ido ke iya rufa wa kuskure asiri, musamman idon matasa mai ƙarfi.

In naka mai zoben kullewa ne, irin na da wanda sai ka yi ta juyi kafin ka ga canji, ka ɗaure shi da ka gama. In irin na yanzu ne mai saurin juyi marar makulli, ka ɗiga masa farin fenti ko jan farce a jikin zoben da jikin bututun, ko ka naɗa salatif, saboda shi wannan saka shi a jaka kaɗai yana iya juya shi, balle a ce wani ya karɓa ya ce bari in leƙa, abu na farko da hannunsa zai kai shi ne nan.

Mai saka gilashin ido ya saita da gilashin da zai yi harbi da shi a fuskarsa, in ka saita babu gilashi ka zo harbi da gilashi an koma gidan jiya. Yawancin madubai gyaran da suke iya yi bai wuce wajen -3 zuwa +2 ko +3 ba a ma'aunin likitocin ido, in matsalarka ta wuce haka zoben zai ƙare bai kai ba. Akwai kuma matsalar idon da ke sa layin tsaye ya fito garau na kwance ya yi dishi-dishi, ko akasin haka, duk yadda ka murɗa ɗaya ne zai gyaru, wannan ba laifin madubi bane kuma zoben ba ya maganinta, asibitin ido za ka je, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a garin nan ba sai ka yi tafiya ba. Wanda kuma ya haura arba'in ya riƙa sake duba saitin nan ko sau ɗaya a shekara, lokacin da ka fara miƙa waya nesa kafin ka karanta saƙo to madubinka ma ya san an fara girma.

Shikenan an gama da baya, kar ka sake taɓa shi.

Na nisa kuma sai a fili. Ka samu tebur mai ƙarfi ko ka kwanta a ƙasa, ka ɗora bindigar kan buhun yashi gaba, bayanta ka tokare da safa da aka cika da yashi ko shinkafa aka ɗaure baki, yadda za ta zauna da kanta tana kallon taget ba ka riƙe ba. Wannan sharaɗi ne, in tana hannunka ba za ka taɓa bambance motsin hannunka da motsin kuros ba. Taget ɗin ya kasance mai ƙananan abubuwa, ni shafin jarida nake mannawa da ɗan ɗigon tawada a tsakiya, don rubutu ba ya ƙarya, ko ka iya karanta shi ko ba ka iya ba. Zum a ƙarshe. Ka kai nob kan takwas a kwance tukuna sannan ka riƙa saukowa a hankali har rubutun ya fito. Dalilin farawa daga can shi ne akwai ɗan lako-lako a cikin injin nob ɗin gefe, in ka zo daga sama yau gobe ka zo daga ƙasa ba wuri ɗaya gilashin ciki zai tsaya ba ko da lambar ɗaya ce, don haka in ka zarce kar ka ɗan dawo baya, koma sama ka sake saukowa.

Hoto ya fito garau, mutane da yawa nan suke tsayawa, kuma nan ne ake cin su. Garau ɗin kusa da daidai ne amma ba shi ne shaida ba, tunda mun ce ido na iya yin sulhu. Shaidar ita ce ƙadangaren Baba. Ka kawo idonka bayan madubi ba tare da fuskarka ta taɓa kotar ba, ka kaɗa kai sama da ƙasa kaɗan, sannan hagu da dama, ba sosai ba har hoto ya ɗauke, idonka na kan inda kuros ya hau ɗigon. In kuros na zamewa a kan ɗigo akwai sauran aiki. Ka taɓa nob ɗin kaɗan, kamar kaurin farce, ka sake kaɗawa. Za ka ga zamewar tana raguwa tana raguwa har ka zo inda kuros ya zama kamar da biro aka zana shi a jikin takardar, kai na motsi shi ko gezau. Nan ne wajen.

Akwai dabarar sanin ta inda za ka murɗa ba sai ka yi ta lalube ba. In ka kai kanka dama kuros ya gudu hagu, wato yana saɓa maka, to taget ya fi nisan da ka saita, ƙara lamba. In kuwa kuros na bin ka, ka yi dama ya yi dama, to taget ya fi kusa, rage lamba. Ka tuna da yatsan nan da bango, abin da ya fi kusa da ido shi ke gudu ta ɗaya gefen.

To idan fa ka kai inda kuros ya daina motsi amma hoton taget bai yi garau ba, ko hoton ya yi garau kuros na rawa, ba sa haɗuwa a wuri ɗaya? Kusan kullum amsar ita ce zoben baya bai zauna daidai ba, idonka ya yaudare ka tun a matakin farko. Ka bar nob a inda kuros ya daina motsi, tunda shi wannan gwajin babu ruwansa da lafiyar ido, sai ka koma baya ka gyara zoben kaɗan kaɗan da leƙen ƙiftawa har kuros da taget su fito tare. Nan ne kawai na yarda a sake taɓa shi. In an yi haka sau biyu sau uku abin ya ƙi, musamman a zum na ƙarshe, to gilashin ne iyakarsa kenan, madubai masu araha da yawa a lamba ta ƙarshe hotonsu kamar an shafa man kaɗe, ka rage zum kaɗan ka zauna lafiya.

Lambobin jikin nob kuma kar ka ɗauke su kamar aya. Na farko yawancinsu yadi ne ba mita ba, yadin nan dai na tela, santimita 91 da ɗoriya, yadi 100 mita 91 ne da ɗan kai, yadi 50 kuma bai cika mita 46 ba. Na biyu kamfani ya buga su ne da ido mai lafiya a wani yanayin sanyi ko zafi da ba naka ba, ƙarfe da gilashi kuma suna miƙewa da zafi, saitin da ka yi da sanyin safiyar Janairu ba lallai ya tsaya wuri ɗaya da azahar ɗin Afrilu ba. Na taɓa ganin madubin da taget na yadi 50 amma sai an kai nob kusa da 70 kuros ke tsayawa, mai shi ya tayar da hankali wai ya lalace, babu abin da ya same shi. Abin da nake yi shi ne in naɗe farin salatif na takarda a kan lambobin, in ɗauko tef ɗin magina in auna 10, 15, 20, 25, 30, 40, 50 a ƙasa, kowanne in yi masa ƙadangare in ja layi da biro in rubuta lambata. Masu wasan harbin bindigar iska na fili, wanda aka faro a Ingila a farkon shekarun 1980, har wata babbar taya suke ɗaura wa nob ɗin don layukan su samu fili, da ita ma suke gane nisan taget, su murɗa har hoto ya fito su karanta lambar da suka rubuta. Wannan dabarar tana aiki ne a kusa da kuma zum mai yawa, in an yi nisa lambobin cunkushewa suke.

Wani zai ce wai duk wahalar nan a kan milimita nawa ne. To bari mu yi lissafi. Mafi munin kuskuren da za ka iya samu shi ne rabin faɗin gilashin gaba, a ninka da bambancin nisan taget da nisan da aka saita, a raba da nisan da aka saita. Ɗauki madubin da ya fi yawa a hannun mutane, 3-9x40, wato gilashin gaba milimita 40, rabinsa 20. A ce an saita shi yadi 100. In taget na yadi 200 kuskuren zai iya kai milimita 20, a 300 ya kai 40, ga mai harbin babban abu wannan ba wani tashin hankali bane, shi ya sa mafarauta da yawa a duniya suke rayuwarsu ba su taɓa jin kalmar ba. Amma juyo kusa ka gani, a yadi 50 milimita 10 ne, a 25 milimita 15, a yadi 10 kuwa 18. Ƙwayar ƙanina 4.5 ce, kenan a yadi 25 zai iya gocewa faɗin ƙwaya uku da wani abu ta kowane gefe, yau hagu gobe dama, ba tare da hannunsa ya yi laifin komai ba. Shi ya sa masu bindigar iska da masu ƙaramar bindigar harsashi ta .22 su ne abin ya fi cizo, su da masu harbin nesa sosai.

Sai dai wannan lissafin na wanda idonsa ya je can bakin gaɓa ne. Hasken da ke fitowa ta baya wani ɗan da'ira ne, faɗinsa shi ne gilashin gaba a raba da zum, 40 a raba 9 milimita 4 da ɗan kai, a zum 3 kuma ya haura 13. In idonka na tsakiyar da'irar nan cif, kuskuren sifili ne ko da ba a saita komai ba. Kuma gocewar ido milimita 1 a zum 9 a misalin yadi 25 ɗin nan kusan milimita 7 take jawowa a takarda, a zum 3 kuwa 2 da ɗan kai. Wannan shi ne mafitar wanda madubinsa ba shi da nob ba shi da zoben gaba, kuma suna da yawa. Irin waɗannan an kulle su daga kamfani, na manyan bindigogi galibi a yadi 100, na .22 galibi wajen 50. In naka ne to abu uku za ka riƙe. Ka rage zum in taget na kusa. Ka koya wa kumatunka wuri ɗaya a jikin kota, in kotar ta yi ƙasa har sai ka ɗaga kai kana lilo kafin ka ga hoto, ka naɗa mata soso ko tsumma ka ɗaure da salatif har ya zama ka rufe ido ka kwantar da fuska ka buɗe ka tarar da hoto cikakke. Sannan in kana shakka ka ɗan ja kanka baya har baƙin zobe ya bayyana a gefen hoton, ka daidaita shi ya zama kaurinsa ɗaya ta ko'ina, to idonka na tsakiya, in ka ga baƙin ya yi jinjirin wata ta gefe guda ka goce. Wasu kan huda murfin gaba su bar rami ƙarami a tsakiya, yana rage kuskuren ya kuma ƙara zurfin fokas, amma yana cin haske, da rana tsaka ne kawai yake da daɗi. Masu kwance gilashin gaba da kansu wai za su sake masa nisa, ana yi, amma ni ban ba ka shawara ba, wanda ya iya ya iya.

Ja da baya da na ce na gwaji ne, matsowa gaba kuwa kar ka fara. Yawancin madubai tazarar ido da suke so inci 3 zuwa 4 ce, wajen faɗin yatsu huɗu, bindiga mai harbin baya in ka manna ido za ta buga maka bakin madubin a gira ta bar maka tambari. Tunda an zo nan, mai bindigar iska irin mai sifirin a ciki wadda ake karya bakinta a ɗana ta ya tabbata madubin da zai saya an yi shi don ita, girgizarta gaba da baya ce, tana kwance gilasan madubin da ba nata ba ko da mai tsada ne, kuma madubin da gilashinsa ya saki babu saitin da zai zauna masa. Alamar ita ce ka saita yanzu, ka harba biyar, ka leƙa ka tarar fokas ya tafi.

Sai yanayinmu. Daga Maris zuwa Afrilu da rana in ka leƙa a zum mai yawa za ka ga taget na rawa kamar yana cikin ruwa, kawalwalniya ce daga zafin ƙasa, ba faralaks bane, bambancin shi ne ita tana rawa ko ka tsayar da kanka cak. Murɗa nob ba zai kashe ta ba, rage zum ko ka bari sai da safe kafin tara ko bayan la'asar. Hazon Disamba da Janairu kuma yana sa hoto ya yi fari-fari, mutum ya yi ta neman garau ɗin da babu shi, a irin ranar nan ka dogara da kaɗa kai kawai. Ƙurar nan fa yashi ce, kar ka goge gilashi da gefen riga, hure ta tukuna ko ka share da burushi mai laushi sannan ƙyallen gilashin ido, in ba haka ba kana kankare fentin da ke jikin gilashin ne da hannunka.

Bayan duk an gama ka sake harba biyar ka duba ziro ɗinka, wato saitin da ke sa ƙwaya ta bugi inda kuros yake nunawa, don in da can ka saita shi ne da kuros mai yawo to a kan ƙarya aka gina shi, kuma wasu madubai masu araha taɓa zoben baya ko na gaba yana ɗan gusar da inda suke bugawa. Na ƙanina da muka duba zoben gabansa a kan 100 yake tun ranar da aka ciro shi daga kwali, shi ya ɗauka ado ne, zoben baya kuma ya ɗaure shi ciki tamau. Baba ya sa shi ya warware ya fuskanci farin buhun taki da aka rataya a jikin darbejiya, leƙa ɗauke kai, leƙa ɗauke kai, kusan sau goma, sannan aka dawo kan kwali zoben gaba ya tsaya tsakanin 25 da 30. Biyar ɗin da ya harba bayan nan duk murfin kwalbar lemo ya rufe su, sai dai sun taru ƙasa ta hagu saboda murɗe-murɗen da ya yi da farko, wannan kuma sai da muka ƙona ƙwaya kusan ashirin kafin muka dawo da su tsakiya.